Darakta a Takarda, Direba a Mota

Akwai wani direba da ya shekara goma sha tara yana tuƙa mutum ɗaya. Ku karanta labarinsa a natse, don na san cikin masu bibiyar shafin nan akwai waɗanda aka taɓa ce wa, "Sunanka kawai za mu ara."

Motoci huɗu suka tsufa a hannunsa, shi ma yana tsufa tare da su. Har ta kai sai ya cusa ɗan matashi a ƙugunsa kafin ya iya zama a kujerar tuƙi, in zai fito kuma sai ya dafa ƙofa ya miƙe a hankali.

Maigidansa baƙo ne daga wata ƙasa, yana da masana'antar roba inda ake yin bokitai da kujeru da kwanduna. Ma'aikata suna kiransa Mai Agogo a bayan idonsa, saboda ba ya iya magana da mutum bai duba agogon hannunsa ba. Tsakani da Allah ba mugu ba ne, kuma albashi ba ya makara. Sai dai a duk shekarun nan bai taɓa tambayar direbansa 'ya'yansa nawa ba.

Aikin direban bai taɓa canjawa ba. Ƙarfe shida ya wanke mota. Bakwai saura kwata yana tsaye a bakin ƙofa. Ya karɓi jaka da hannun hagu, ya buɗe ƙofar baya da na dama, ya jira maigida ya zauna, ya rufe a hankali don kada ta yi ƙara. In sun isa, ya zagaya da sauri ya sake buɗewa, ya bi bayansa da jaka. Idan suka shiga wuri tare, ba ya zama sai maigida ya zauna. Ba wanda ya rubuta masa wannan a takarda, jikinsa ne ya haddace.

Sauran yinin kuwa jira ne. Jira a ƙofar banki, jira a filin jirgi, jira a gindin bishiya tare da sauran direbobi ana maimaita hirar jiya. Mutumin ya gaji, irin gajiyar nan da barci ba ya maganinta.

Abu ɗaya ya mallaka a duniya, shi ma ba nasa ne shi kaɗai ba. Gida ne mai ɗaki uku da mahaifinsu ya bar musu, shi da yayarsa. Yaya ta girme shi da shekara goma sha biyu, ita ta goya shi, kuma har yau da furfurarsa Auta take kiransa. Mijinta ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ta dawo ɗakin da ke kusa da zaure ta kafa tsohon keken ɗinkinta. Shi da matarsa da 'ya'ya huɗu suna sauran ɗakunan.

Takardar gidan da sunansa aka yi ta, don shi ya yi zirga-zirgar ofisoshi bayan rasuwar mahaifinsu. Amma a wurin Yaya take, cikin wani gwangwanin biskit a ƙarƙashin gadonta, tare da maɓallai da zare da tsofaffin allurai.

To, dokar ƙasar ta ce baƙo ba zai mallaki irin wannan masana'anta shi kaɗai ba. Dole kashi hamsin da ɗaya cikin ɗari na hannun jari ya kasance na ɗan ƙasa. Mai Agogo ya daɗe yana zagaye wannan doka da sunan wani dattijo. Da dattijon ya rasu, lauyan kamfanin ya shiga neman wani sunan.

A cikin mota aka yi maganar, suna tsaye a cunkoso. Lauya ya leƙo daga kujerar baya ya dafa masa kafaɗa.

"Malam Direba, maigida ya yaba da amanarka. Muna so mu sa ka cikin kamfani. Kai ne za ka zama mai kaso mafi yawa."

Direba ya kalle shi ta madubi. "Yallaɓai, ni da ko keke ban mallaka ba?"

"Ba kuɗinka muke nema ba. Sunanka kawai za mu ara, a takarda. Duk wata akwai ɗan abin da za a ƙara maka a kan albashi. Ba abin da zai canja."

Kada ku yi saurin zaginsa. Mutumin da ya yi shekara da shekaru ba wanda ya taɓa neman shawararsa, yau ga lauya yana dafa masa kafaɗa. Ya tuna ƙugunsa, ya tuna kuɗin makarantar yara, ya ce to.

Washegari ya sa hannu a wuri goma sha huɗu. Bai karanta ko ɗaya ba, don lauya yana juya shafukan da sauri yana nuna masa da yatsa. Ɗaya daga ciki ma ba kwanan wata a kanta. Da ya tambaya, aka ce daga baya za a cike.

Da a nan abin ya tsaya, da sauƙi. Amma sai aka buga masa ɗan kati mai sunansa, a ƙasa an rubuta Darakta. Daga ranar kan mutumin ya fara rawa.

Ya nuna katin a gindin bishiya. Direbobi suka yi dariya har da riƙe ciki, suka laƙaba masa suna Darakta. Su da tsokana suke yi, shi kuwa ya ɗauka da gaske. Ya daina zama a benci tare da su. Sai ya zauna cikin mota ya ɗage gilashi, ga zafi, ga shi ba a ba shi izinin kunna na'urar sanyi ba in maigida ba ya ciki. Yana ta zufa, amma dai shi Darakta ne.

A gida ma ya fara hura hanci. In Yaya ta kawo shawara sai ya ce, "Yaya, waɗannan harkokin manya ne, ba za ki gane ba."

Wata rana tana kan keke, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Auta, wannan kamfanin naka, ka taɓa zama a kujerar ofishinsa?"

"Ai ba sai na zauna ba."

"To wa ke wanke motar yanzu?"

Ya kau da kai.

"Na ce ko an ɗaukar wa Darakta direba ne, ban sani ba," in ji ta, ta ci gaba da taka kekenta.

Matarsa da ke tsakar gida ta toshe baki da gefen mayafi. Shi kuwa ya shige ɗaki, ya kwana biyu yana amsa gaisuwar Yaya da ƙyar.

Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni, hukumar rajistar kamfanoni ta fito da sabuwar ƙa'ida, don ta gaji da masu aron suna. Duk ɗan ƙasar da ke da hannun jari tare da baƙo, sai ya zo da kansa an yi masa tambayoyi. Sai ya nuna inda ya samo kuɗin da ya sayi kasonsa, sannan ya sa hannu a takardar rantsuwa cewa kason nasa ne da gaske.

Lauya ya sake dafa masa kafaɗa.

"Ƙaramin abu ne. Kana da gida, ko? Kawo takardar. Za mu rubuta cewa gidan ka jinginar ka karɓi rance ka sayi kasonka. Nunawa kawai za a yi, da an gama ka ɗauki abarka."

A wannan karon abin bai kwanta masa ba. Amma ya riga ya shiga, kuma bai san ta inda ake fita ba. Da yamma ya sami Yaya a ɗakinta ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya fito da maganar.

Ta tsayar da keke. "Takardar gidan Baba?"

"Nunawa kawai za a yi, Yaya. Kwana biyu."

"Sun ari sunanka, ban ce komai ba, don sunanka naka ne. Gidan nan kuwa akwai ni a ciki, akwai yaranka. Ba zan bayar ba."

"Ai da sunana aka yi ta."

Ta dube shi. "Haka ne," in ji ta. "Da sunanka aka yi ta, don na yarda da kai."

Wannan magana ta isa ta tsayar da mai hankali. Amma ranar Talata, da Yaya ta tafi asibiti a duba mata gwiwa, sai ga Darakta ya dawo gida da rana tsaka. Ya durƙusa a gaban gadon matar da ta goya shi, ya jawo gwangwanin biskit, ya zare takardar, ya mayar da murfi. Da ya juyo, matarsa na tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu.

"Baban yara," in ji ta, "ni ba zan kai ƙara ba. Amma in ta tambaye ni, ba zan yi mata ƙarya ba."

Ya wuce ta ya fice. A ofishin lauya ya ƙara sa hannu a wuri biyar.

Mako uku ana koya masa karatu. Injina nawa ne a masana'antar, ma'aikata nawa, daga ina ake sayo ɗanyen kaya, yaushe aka yi taron daraktoci na ƙarshe. Yana jira a mota yana bita a zuci kamar ɗan makaranta. Aka saya masa kaya masu tsada da takalmi mai matse yatsu.

Yaya ba ta tambayi takardar ba. Tana gaishe shi kamar kullum, tana ajiye masa ruwan wanka mai ɗumi saboda ƙugunsa kamar kullum. Wannan ya fi zagi ci masa rai, abinci ma ya daina shiga.

Tsarin lauya shi ne ranar tambayoyin a ɗauko wani direban, Darakta ya zauna a baya. Amma da safiyar ranar Mai Agogo ya ce shi ba wani sabon direba da zai taɓa masa mota. Ya duba agogo ya ce lokaci na tafiya. Lauya ya ɗaga kafaɗa ya ce ba laifi, ai mai kamfani ma yana tuƙa kansa.

Haka suka tafi, Darakta a gaba da sababbin kaya da ɗan matashinsa a ƙugu, su biyu a baya.

Suna shiga harabar hukumar ya faka motar a inuwa. Kafin tunaninsa ya iso, jikinsa ya riga ya fita. Ya zagaya da sauri, ya buɗe ƙofar baya da hannun dama, ya karɓi jaka da na hagu, ya ɗan rusuna, ya rufe a hankali. Mai Agogo ya wuce gaba, shi yana biye da taku biyu.

Ba wanda ya lura a cikinsu, har lauyan da ya tsara komai, don abin da ido ya saba gani ne kullum. A bene na biyu kuwa akwai wata mata tsaye a bakin taga da kofin shayi a hannu, tana jiran kwamfutarta ta gama buɗewa.

Ita ce jami'ar da za ta yi tambayoyin. Mace ce da ta haura arba'in, da tabarau a ƙarshen hanci, fayiloli jibge a teburinta har a ƙasa. Kallo ɗaya za ka yi mata ka san ita ma ta gaji. Su ne na farko cikin bakwai da za ta gani a ranar.

Ta nuna musu kujeru uku. Lauya ya zauna. Mai Agogo ya tsaya yana amsa waya a bakin ƙofa. Mai kashi hamsin da ɗaya kuwa ya tsaya ƙiƙam a bayan kujera, jaka a hannu, sai da maigidansa ya gama waya ya zauna sannan ya ɗosana a gefen tasa.

Ta fara tambaya. Injina nawa? Ya faɗa. Ma'aikata nawa? Ya faɗa. Taron ƙarshe? Ya ba ta rana da wata. Ko ɗaya bai kuskure ba. Lauya yana ta gyaɗa kai yana murmushi.

Ta rufe fayil. "Ku biyu ku jira a waje. Ƙa'ida ce, shi kaɗai zai yi rantsuwa."

Da ƙofa ta rufu ta cire tabarau ta murza idanunta.

"Baba, ajiye jakar nan, ba taka ba ce."

Ya duba hannunsa. Ashe har yanzu tana kan cinyarsa, ya rungume ta. Ya ajiye a ƙasa.

"Shekara nawa kana tuƙa shi?"

Nan take ya sha jinin jikinsa. Ya buɗe baki zai kawo karatun lauya, amma ba a koya masa amsar wannan ba.

"Na gan ku ta taga," in ji ta. "Na ga mai kamfani yana tuƙa motarsa, wannan ba komai ba ne. Amma ban taɓa ganin mai kaso mafi yawa ya zagaya da gudu ya buɗe wa ƙaramin abokin kasuwancinsa ƙofa har da rusunawa ba."

Ya sunkuyar da kai. "Goma sha tara, ranki ya daɗe."

"Ka karanta abin da ka sa wa hannu?"

"An ce nunawa kawai za a yi."

Ta ja numfashi irin na wadda ta ji wannan amsa sau ɗari. Ta buɗe fayil ta juyo masa da shi, ta bi layi-layi da bayan biro.

"Wannan ta ce ka karɓi rance mai yawa daga wani kamfanin ba da bashi, ka jinginar da gidanka. Ka ga kuɗin da idonka?"

"Ko kwabo."

"Kamfanin ba da bashin, ka san na wane ne? Na lauyan da ke zaune a waje ne. Sun taɓa sa ka sa hannu a takardar da ba kwanan wata?"

Ya gyaɗa kai.

"Ita ce takardar mayar da hannun jari. Tana aljihun teburinsu. Duk ranar da suka ga dama, su cike kwanan wata, kamfani ya bar hannunka. Amma bashin yana nan a wuyanka, kuma gidan ne jingina. Yanzu dai takarda ce kawai da ake iya ƙalubalanta. Da zarar ka yi rantsuwa yau cewa ka karɓi kuɗin nan, ka tabbatar da ita da bakinka. Daga nan ba kotun da za ta saurari kukanka."

Ɗakin ya yi masa zafi duk da fanka na juyawa. Ba kamfanin ya tuna ba, ba katin Darakta ba. Ɗakin kusa da zaure ya tuna, da tsohuwar da ke taka keke da gwiwa mai ciwo. Ina za ta je?

Jami'ar ta ajiye takardu biyu a gabansa.

"Ta dama rantsuwa ce. In ka sa hannu, ba ni da hujjar hana ka, don buɗe ƙofar mota ba laifi ba ne a doka. Ka fita a Darakta, gobe ka ci gaba da wanke mota. Ta hagu bayani ne cewa aron sunanka aka yi. Ba zan ɓoye maka ba, kai ma ka karya doka. Za a ci ka tara, za a hana ka rajistar kamfani na wasu shekaru, aikinka kuma ka san ya tafi. Amma jinginar gidan za ta shiga bincike, kuma in aka tabbatar ba kuɗin da ya motsa, za a soke ta. Ba zan ce maka gobe ba, ba zan ce wata mai zuwa ba."

Ya kalli takardun biyu. Sannan ya ce, "Ranki ya daɗe, me ya sa kika tsaya yi min bayani? Ai da kin bar ni na sa hannu kin huta."

Ta mayar da tabaraunta. "Babana direba ne, shekara talatin. Har ya rasu, in za mu shiga mota tare sai ya riga ni ya buɗe min ƙofa, ni 'yarsa. Na yi faɗa har na gaji. Tun daga taga na gane tafiyar."

Hawaye suka cika masa ido, kunya ta rufe shi. Ya jawo takardar hagu. A karon farko a rayuwarsa ya karanta takarda tun daga sama har ƙasa, yana bi da yatsa, ita kuma ba ta hanzarta shi ba. Ya sa hannu.

Da ya fito, aka kira lauya ciki shi kaɗai. Mai Agogo bai san abin da ya faru ba, ya riga ya sauka yana tsaye a gefen mota. Ya duba agogo.

"An gama? Mu tafi, ina da taro."

"An gama, yallaɓai. Na faɗa musu gaskiya."

Ya ɗora jakar a kan motar, ya ajiye makulli a kanta. Ya buɗe ƙofar gaba ya ɗauki ɗan matashinsa, don shi kam nasa ne.

Mai Agogo bai gane ba tukuna. Yana nan tsaye a gaban ƙofar baya, hannuwa a sake, yana jiran a buɗe masa. Shi ma ashe jikinsa ya haddace. Direban ya ji hannunsa na dama yana motsi zai kai ga mariƙin ƙofa, sai ya cusa shi cikin aljihu ya juya.

A motar haya ya koma gida, takalmin yana cin yatsunsa. Ya tarar da Yaya a kan keke. Ya durƙusa a bakin ƙofarta kamar yadda yake yi yana yaro in ya yi ɓarna, ya faɗa mata komai bai rage ba.

Ta bar shi ya gama. Sannan ta ce, "Tun ranar Talatar na sani. Na dawo daga asibiti zan ɗauki maɓalli, na ga wayam."

"Amma ba ki ce komai ba, Yaya."

"Me zan ce? Da Darakta nake zaune a gida, ni kuma ba na gane harkokin manya. Jira nake in ga ko Auta zai dawo."

Ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka, dattijo mai 'ya'ya huɗu. Ba ta rarrashe shi ba. Ta dai ce wa matarsa ta ɗora masa ruwan wanka.

Kada ku zaci daga nan komai ya gyaru. Wata goma sha ɗaya aka yi ana abu ɗaya. Yau a ce fayil yana sama, gobe a ce mai sa hannu ya yi tafiya, jibi a ce a dawo da hoto biyu. An rufe masana'antar na ɗan lokaci, wasu ma'aikata suka daina gaishe shi a hanya. Lauya ya aiko da wasiƙar barazana har sau biyu kafin shi ma tasa ta same shi.

Duk zuwan da zai yi, Yaya na biye da shi. Ta hau benen nan da gwiwarta tana hutawa a kowane hawa, ta zauna a benci tun safe har a tashi. In ya ce ta zauna a gida sai ta ce, "Wancan karon kai kaɗai ka je."

Da aka yanke tarar, abin da ke hannunsa bai kai ba. Ya dawo wata rana da yamma ya ji gidan shiru, irin shirun da bai saba ji ba. Ya leƙa ɗakin Yaya. Inda keken yake, sai sawun ƙafafunsa huɗu a kan siminti. Kuɗin na kan gado, ta ɗaure su da ƙyallen atamfa.

"Yaya, keken da kike ci da shi?"

"Dama gwiwar ta gaji da takawa," in ji ta. Ƙarya take yi, kuma dukansu sun sani.

Ranar da aka soke jinginar aka miƙo masa takardar gidan, bai ko ninke ta ba. Da hannu biyu ya kawo wa Yaya. Ta duba gaba da baya, ta jawo gwangwanin biskit, ta sa ta a ƙarƙashin maɓallai, ta tura shi ƙarƙashin gado, daidai inda yake a da.

"Yaya, ki canja mata wuri. Ko in sayo akwati mai kwaɗo, ki riƙe makullin."

"A'a."

"Bayan abin da na yi?"

"Auta, in har sai na kulle maka takardar gidan Baba, to gidan ya riga ya tafi, ko da muna cikinsa. A nan take, a nan za ta zauna."

Yanzu motar wata makaranta yake tuƙawa. Albashin bai kai na da ba, yaran kuma suna da surutu, amma su suke buɗe wa kansu ƙofa. Ya koma zama a benci a gindin bishiya. Direbobi har yau Darakta suke kiransa, yana amsawa, wani lokaci ma ya riga su dariya.

Duk ranar Asabar yana biyawa ta shagon mai gyaran kekunan ɗinki, inda aka sayar da na Yaya. Ya roƙi mutumin kada ya sayar wa kowa. Keken na nan a lungu an rufe shi da buhu, shi kuwa yakan ɗaga buhun ya goge ƙurar da hannun rigarsa, ya mayar, ya kama hanyar gida.

Darasi: Wanda ya ce sunanka kawai zai ara, ya san abin da sunan zai ɗauka, kai ne ba ka sani ba. Riba tasa ce, laifi naka ne, kuma in abin ya fashe ba kai kaɗai za ka biya ba, har da waɗanda suka yarda da kai a gida. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba, kada ka ba da sunanka don a zagaye doka, kuma kada muƙamin takarda ya sa ka raina wanda ya goya ka. In ka riga ka shiga, faɗin gaskiya yau ya fi sauƙi a kan gobe. Ku tura wa direbobi, masu gadi, masinjoji da duk wani ɗan uwa da ke aiki a ƙarƙashin wani, wataƙila akwai wanda biro ke hannunsa yanzu haka.